Kwandon Banda Ranar Ziyara

Zuwa ga ɗana da ke Kaduna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan bakin dam. Ladanin unguwarmu ke rubuta min, na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Ka san ni, ban iya ba da haƙuri ba. To, ka saurara.

Da ruwan Tiga ya ci garinmu, ya haɗa da gonaki da kushewar kakanninka, na ajiye garma na ɗauki komar kamun kifi. Kai kuma aka kai ka makarantar kwana, cikin 'ya'yan manoman Bebeji da Kiru waɗanda ƙasarsu ba ta motsa ba.

Hutun farko ka ce min yara ba sa sa hannu a kwano ɗaya da kai. Wai hannunka ƙarni yake, wai kai ɗan masunta ne marasa tushe. Na ce, "Ƙarnin nan shi ke ciyar da kai." Ko ɗago kai ban yi ba.

Na gan ka a bayan danga kana dirzar hannu da toka da yashi har fata ta saluɓe. Na yi kamar ban gani ba.

Ka roƙe ni kada in zo ranar ziyara. Na zo. Da kwandon bandar kifi a ka na zo, na sauke shi tsakiyar fili, wai in nuna wa yaran ba ma jin kunya. Suka toshe hanci suna ihu. Ka tsaya kamar an dasa ka, ɗan shekara sha biyar. Kafin sati ka bar makarantar, ba ka biyo ta gida ba. Shekara uku ke nan.

Ga abin da na ɓoye. Ni ma ranar kasuwar Dangora wanka biyu nake yi, amma duk da haka tsofaffin abokan nomana sukan ja tabarmarsu gefe. Na san zafin. Nawa na kasa ɗauka, sai na ɗora maka, na kira shi jarumta.

Mahaifiyarka ta ce kunyar ɗan fari ce ta hana ni lallashinka. Rufa min asiri take yi. Taurin kai ne.

Ban ce ka koma karatu ba, ni na kashe wannan da hannuna. Ka dai yafe min tun ina da kunnen ji.

Allah ya haɗa ka da masu matsa maka wuri in ka zo zama. Allah ya sa mu gana da rai. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Ɗanladi