Ni Na Zare Filogin

Ya ke sanyin idona, ruwan farkon damina mai sa ƙasa ƙamshi, inuwar da nake fakewa in rana ta take tsaka, gaisuwa mai tarin yawa daga wanda yau kwana tara bai ji muryarki ba.

Kwana tara! Na kira, ba ki ɗaga ba. Sau uku ina zuwa shagonku na gyaran kwamfuta, Yayanki yana tare ni a bakin ƙofa. A na ukun ya ce maganar zuwan iyayena gidanku don sa rana a ɗan dakata tukuna. To, kafin a dakatar da ni gaba ɗaya, bari in faɗi abin da kike zargi: ni na zare filogin. Ba ƙafata ce ta harɗe da waya ba kamar yadda na ce ranar. Hannu na sa, ina sane.

Kin tuna farkonmu? Na kawo kwamfutata ta aikin hoto tana tafiyar hawainiya, kika ɗora min babbar manhajar nan ta kyauta, wadda kika ce ba ta da mai ita, jama'a ne daga ko'ina suke haɗa hannu suna gina ta. Kika ce ke naki aikin shi ne gwada sabuwar siga tun kafin a sake ta, ki gano inda take ɗingishi, ki rubuta wa masu gyara. Ko rabin maganar ban gane ba. Yatsunki nake kallo a kan kibod, kamar 'yan tsuntsaye suna tsintar hatsi da sassafe. A ranar na san tawa ta ƙare.

Sai ga Injiniya. Abokin gwajinki, wai! Duk Asabar yana nan, da jakarsa, da filashin adana bayanai rataye a wuya kamar laya. Ku ja kujeru biyu gaban sikirin ɗaya, ni kuma a bencin kwastoma, kusa da kwalin matattun caja. Ya faɗi wata kalma, ku kwashe da dariya. In tambaya, ki ce, "Bari kawai, ba za ka gane ba." Kin san yadda wannan maganar take suka, farin watana? Ranar da ya canza layi ɗaya a manhajar sauti ya dawo, har tafi kika yi, kika ce kansa yana ja. Ni fa nawa kan, ƙwarya ce? Yaushe rabon da ki yi min irin wannan dariyar, wadda take girgiza 'yan kunnenki?

Waccan Asabar na rufe shagona da rana tsaka, na zo da samfurin katin gayyatar bikinmu ki zaɓa. Kika ce minti goma, sabuwar siga ce take hawa. Minti goman ya zama awa ɗaya da rabi. Ina kallo ya ɗauki bironki ba tare da ya tambaya ba, ya yi rubutu a littafinki. Tsakanin kafaɗarsa da taki bai fi taƙi ɗaya ba. Layin da ke nuna hawan sigar a kan sikirin ya kusa cika, zuciyata kuwa ta riga ta cika ta tumbatsa. Ga soket a gefen bencina. Sikirin ya yi baƙi ƙirin. Wallahi ban san rahoton gwajinki na kwana huɗu yana cikin na'urar ba, ban san ranar Litinin za a rufe karɓa ba. Ba ki yi faɗa ba. Kin dubi filogin, kin dubi hannuna, kika juya baya. Da mari kika yi min da ya fi sauƙi.

Abin da ya fi ci min rai kuma, Yayanki ya ce Injiniya ne ya wuni ranar Lahadi yana tono rahoton har ya ceto shi, aka tura a kan lokaci. Kin ji! Na haƙa masa rami, ashe tsani na kafa masa. Shekaranjiya ma ya shigo shagona ɗaukar hoton fasfo, yana ce min angonmu, ko alamar riƙo babu a fuskarsa. Na kashe fitila ɗaya don ya fito da muni, ya fito tas. Wai na katin taron masu gwaji ne, wanda na ji ke ma an gayyace ki. To naki hoton wa zai ɗauka?

Ban zauna ina cizon yatsa kawai ba. Na sauke sigar gwajin da kaina, na ɗora a tsohuwar kwamfutata. Sau uku tana ƙi, a na huɗu ta hau. Na kuma ga wani abu: duk lokacin da na jona kyamarata, in hotunan sun haura dubu, sai komai ya daskare, ko linzamin kwamfutar ba ya motsi. Na maimaita sau biyar, yadda na ga kina yi, na rubuta kowane mataki. Ga takardun nan na haɗo da wasiƙar. Ban sani ba ko matsala ce ta gaske ko jahilcina ne. Amma wannan kam Injiniya bai gano ta ba!

Ba zan yi miki ƙaryar cewa kishin ya mutu ba, kurciyata. Yana nan, yana ci kamar wutar ƙaiƙayi. Abin da zan iya ɗauka alkawari shi ne hannuna ba zai ƙara taɓa aikinki ba, kuma in abu ya dame ni da baki zan faɗa. Ki zo ki koya min yadda ake tura rahoton. Ki yi min faɗan da kika haɗiye, zan tsaya in sha. Roƙona ɗaya: ki zo da kanki, kar ki turo shi.

Naki, jiya da yau da duk sauran kwanakin da Allah ya rubuta min,
Mai hotonki.