Ƙwaya ta Goma Sha Biyu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar tana sauƙi, Yaya da iyalinsa kuma suna lafiya. Ni jikina ƙalau, hankalina ne ba ya kwance.

Na yi ɓarna a shagonka na magani. Shekaranjiya wani tela ya zo murya a dishe, da 'yarsa a kafaɗa tana haƙora, komai ta samu sai baki. Na yanko masa idon zakara daga wanda ya nannaɗe dangar bayan gida, na ce ya riƙa tauna ganyen. Ka sha gaya min ganyen magani ne, jajayen 'ya'yan kuwa guba, shi ya sa kake karkaɗe kowane dami a kan farin ƙyalle kafin ya fita. Ni da nake maka dariya wai ka cika tsirfa, ban karkaɗe ba. Yau na ɗaga ragowar damin, sai ga jajayen ƙwayoyi suna zubowa.

Ban san shagon telan ba. Sau uku na zaga layin teloli, ina leƙa duk inda na ji ƙarar keke. Tsoro nake ji, Baba. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Auta

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, na sami telan a shagonsa. Murya ta buɗe, har yana sa min albarka. Yarinyar na zaune a tabarma da jan abin hannu. Ashe ƙwayoyin sun ba shi sha'awa, ya huda su da allura ya jera mata a zare, alhali hudawar ce ke fito da gubar. Na wawuri almakashinsa na yanke zaren kafin in yi bayani. Ya ce goma sha biyu ya jera. Na ƙirga sau biyar, sha ɗaya ne.

Muka kai ta asibiti, kwana biyu likita na sa ido. Uwar ko kallon banza ba ta yi min ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Na kasa zaman benci, na koma shagon telan ina zazzage tsummoki ɗaya bayan ɗaya. Yau da safe na tsinci ta sha biyun a ƙarƙashin keken ɗinki, da hudarta.

An sallami yarinyar lafiya lau. Na wanke farin ƙyallenka na shimfiɗa a tebur. Ɗazu wata ta zo sayen garahuni, wanda ba ruwansa da wannan guba, na karkaɗe damin har sau uku. Ta gaji da tsayuwa, ta ce na cika tsirfa.

Allah ya ƙara sauƙi. Ka dawo da wuri.

'Yarka,
Auta