Tukwanen da Ke Juyawa a Kan Kwano

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya iyali, ya Fatakwal? Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ka san zafin da muke sha a ɗakin injin casar shinkafa a Bagwai. To, maigidanmu ya kawo injiniya, ya shafe kwanon rufin da farin fenti, ya kafa wasu abubuwa kamar tukwane a sama, suna juyawa ba lantarki. Ya kuma huda ƙananan tagogi a ƙasan bango. Wallahi wurin ya yi sanyi.

Da kaji suka fara shigowa cin shinkafa, sai muka toshe tagogin da buhuna. Kafin azahar zafi ya dawo! Injiniya ya yi ta faɗa: "In iska ba ta shigo ta ƙasa ba, me zai kori zafin ta sama?"

Yaya, kai da ka san inji, wannan dabara za ta yi a ɗakin Inna? Tun da muka rushe mata soro muka buga kwano, a gindin darbejiya take yini. Ko sau ɗaya ba ta yi mana ƙorafi ba, kuma shi ya fi damuna.

A gaida yara, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Bala