Jinina Ya Yi Daraja

Ama,

Gaisuwa mai yawa daga Hyderabad. Yaya ƙafarki? Ƙanwata Phulmaya ta sauka lafiya?

Kada ciwon cikina ya dame ki. Kamfaninmu yana haɗa kayan awon sinadarin da ke narkar da kitse a hanji. Sahab, wato shugabanmu, ya auna jinina, ya tarar ciwon ya sa sinadarin ya yi mini yawa. Yanzu da jinina ake gwada sabbin kaya. Kullum yana cika mini shinkafa da man shanu don kada sinadarin ya ragu, ina ci ina murƙususu. Jiya ya kwatanta ni da irin ɓaunar da ake tatsa a nan, ya ce, "Ci, ɓaunata, kada nonon ya ƙafe."

Ki yi mini addu'a, Ama, amma ban da ta samun sauƙi. Ran da na warke za su kore ni.

Ɗanki,
Khemraj