Injin Datse Kwanso na Baban Jamila

Malaz, Riyad
Janairu 1986

Zuwa ga Yaya Idrisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Yaya Sabuwa da yara, da Jamilata. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baban Jamila, ya sa ya huta.

Na samu takardar ta'aziyyarka. Ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, hannuna ne ba ya son biro. Ina nan cikin takaba a ɗakinmu na bayan gidan Abu Fahad, kafilinmu, tsohon da ƙaninka yake yi wa aiki. Ya ce ba wanda zai taɓa iƙamata, takardar izinin zamana, sai na fita takaba, sannan ya saya mini tikiti in dawo gida.

Ka tambaye ni inda aka binne shi. Yaya, ban sani ba. A nan mata ba sa shiga maƙabarta, kuma ba a sa wa kabari suna. Nuru direba, abokinsa, yana wurin jana'izar. Na roƙe shi ya koma ya duba mini. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce duk iri ɗaya ne, dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ma bai gane ba. Na ce ba komai.

Akwai wata magana. Ka san aikinsa, shi yake sake ɗura wa tsohon harsasan farautarsa. Kwanson tagulla idan an harba shi yakan ɗan ƙara tsawo, sai an datse bakinsa kafin ya sake shiga bindiga. Akwai ƙaramin injin da ake yi da shi, na juyawa da hannu kamar na taliya. Tun da wuyan hannunsa ya fara ciwo yake kawo shi ɗaki bayan la'asar, shi ya riƙe kwanso, ni in juya.

Kafin ya kwanta ciwo ya sa tsohon ya yi odar sabo mai aiki da lantarki. Sai bayan rasuwarsa ya iso, yana nan a kwalinsa. Jiya matar tsohon ta shigo ta ce mijinta ya ce in zaɓi ɗaya in tafi da shi gida, ɗayan ya zauna wa Bayamanen da ya ɗauka a madadinsa. Ban ba ta amsa ba. Kai ne babba, shi ya sa na faɗa maka.

Ka ce wa Jamila ta riƙa cin abinci.

Taka ƙanwa,
Sailuba


Ningi
Fabrairu 1986

Zuwa ga Maman Jamila,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta same mu lafiya, mun kuma gode wa Allah da ya haɗa ki da kafili mai mutunci. Maganar kabari kuwa, ƙasa mai tsarki ta karɓe shi, wannan ya ishe mu.

Dangane da batun inji, ba abin dogon tunani ba ne. Ki ɗauki sabon. Tun ranar da ƙanina Sambo ya bar garin nan yake rubuto mini cewa zai kawo wa maharban Ningi injin da ba su taɓa gani ba. Na karanta musu wannan magana a gindin tsamiyar Sarkin Baka ba sau ɗaya ba. Ni da na yi shekaru ina malamin daji, na san bambancin kayan aiki mai kyau da tarkace. Tsohon ƙarfe ba abin da za a biya masa kuɗin jirgi ba ne.

Ki tabbatar tsohon ya ba ki takardar shaida saboda 'yan kwastan, kada kuma ki yar da kwalin. Ki bar shi yadda ya zo daga kamfani.

Jamilatu tana nan lafiya, tana zuwa makaranta. Sabuwa ta ce in gaya miki ta fara kitso da kanta, sai dai duk a karkace.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ni ne yayanki,
Idrisu Lado
Malamin daji mai ritaya


Malaz, Riyad
Maris 1986

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ji daɗin labarin kitson Jamila, na yi dariya ni kaɗai har matar tsohon ta leƙo.

Na karanta takardarka na ajiye, na sake ɗauka. Ba na son in yi maka musu. Amma zan faɗi abin da na sani, ka yafe mini idan ya yi nauyi. Baban Jamila ya sha gaya mini bindigarka ta gargajiya ce, ta baki ake ɗura mata albarushi, ba ta cin kwanso. Haka ta Sarkin Baka, haka ta sauran. Ya ce kuma unguwarku sai a yi mako ba a ga wutar NEPA ba. To me za a datse da shi, Yaya? Shi da kansa yakan yi dariyar alkawarin nan, ya ce bakinsa ne ya ja masa.

Ba wai na ƙi sabon ba ne. Shi ya zaɓe shi. Wata da watanni yana duba littafin hotunan da tsohon ya kawo daga wani kanti a unguwar Ulaya, yana sa Nuru ya karanta masa Turancin. Wannan ya ce haƙorinsa zai mutu da wuri, wancan ya ce ya yi girma. Da na ce ya gaji da ni ne yake neman injin da zai maye gurbina, sai ya kama tafin hannuna ya nuna mini kantar da juyi ya yi mini. Ya ce, "Ba don wannan na ɗauko ki daga gidanku ba." Don ni ya zaɓe shi. Idan na bar shi kamar na mayar masa da kyautarsa ne.

Amma tsohon injin, mariƙinsa na roba ya taɓa karyewa, shi ya sassaƙa masa na itace. Ya kai shi unguwar Sulai wurin masu walda suka huda masa. Gefen da babban yatsansa yake zama ya yi baƙi ya lotsa, nawa gefen ma ya fara. Har yanzu akwai garin tagulla a cikinsa.

Na gaji, Yaya. Da safe in ce wannan, da yamma in ce wancan. Ba ni da kabari da zan ce ga shi can. Ka gaya mini gaskiya, me za ka yi da sabon?

Ka gaida kowa.

Sailuba


Ningi
Afrilu 1986

Maman Jamila,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta kwana biyu a aljihuna kafin na iya zama in amsa.

Gaskiyarki ce, ba mai bindigar da ke cin kwanso a cikinmu. Ga abin da yake damuna. Kin san al'adar gidanmu, idan maharbi ya rasu, ranar sadakarsa 'yan uwansa maharba sukan shimfiɗa buzu su ɗora kayan aikinsa, kowa ya zo ya dafa ya yi masa addu'a. Mun ɗaga ta Sambo har sai kin dawo. Bindigarsa ya sayar ya yi kuɗin tafiya, burgamensa, jakarsa ta fata, asu ya cinye. Ba ni da abin da zan ɗora. Kuma akwai masu cewa a bayan idona wai ɗan Lado ya bar daji ya tafi wanke wa Larabawa mota. Na so in ajiye abu mai ƙyalli a gabansu su yi shiru. Iyakar abin ke nan.

Da na karanta wa Sabuwa maganar mariƙin nan, sai ta tambaye ni ko buzun don masu surutu ake shimfiɗa shi. Na tashi na fita.

Ban janye maganata ba, har gobe sabon nake so. Amma ban taɓa juya ko ɗaya ba, ke kika juya. Abu guda ya kamata ki sani kafin ki yanke: abin da aka ɗora a buzu, a al'ada, ɗakin babban gida yake komawa, ba ɗakin matar mamaci ba. Ban ɓoye miki ba don kada ki ce na yaudare ki.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki,
Idrisu


Malaz, Riyad
Afrilu 1986

Yaya,

Assalamu alaikum. Na fita takaba ranar Juma'a. Jirginmu zai sauka Kano farkon watan gobe, Nuru zai bugo wa ɗan Sarkin Baka waya a ofishinsu ya faɗi ranar.

Na roƙi tsohon a kunna mini sabon in gani. Bayamanen ya jona shi a tsakar gida, ya yi ƙara, kafin in gyara mayafina ya gama kwanon kwanson da mukan kai magariba muna yi. Yana da kyau ƙwarai, Baban Jamila bai yi zaɓen banza ba. Na dafa shi na ce na gode, na ce wa tsohon ya riƙe. Ya ce halas, wato shi ke nan, ya juya yana share ido da rawaninsa.

Tsohon injin na naɗe a zanena, takardar kwastan tana hannuna. Ka ɗora shi a buzu. Idan sun tambaya, ka ce da wannan ya ci da mu. Bayan nan ya zauna a ɗakinka yadda al'ada ta ce, na yarda. Sai dai zan riƙa shigowa bayan la'asar, ni da Jamila, kada ka ce mun dame ka.

Don Allah ka gaya wa Yaya Sabuwa kada ta wanke shi.

Sai mun zo.

Taka ƙanwa,
Sailuba