Takwas Biyu a Gaban Gwaggo

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba? Ni ƙalau nake a Mildura, bayana ne kawai ke ciwo da tsinkar inabi.

Ranar Asabar mun yi kartar poka ta dala bibbiyu a gidan Gwaggo Kalolaine. Aka raba mini kati biyu masu lamba takwas. Mu bakwai ne, ba mai janyewa, sai takwas ta uku ta fito zan ci. Ta kuwa fito.

Gwaggo ta ƙara kuɗi, ta kafe ni da ido. "Lisiate, ni za ka bi?"

Kin san a ƙasarmu Tonga abin da yayar uba ta nuna, nata ne. Amma na bi, na zuba daidai kuɗin da ta zuba, na cinye ta. Har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma a gidanta nake kwana.

Don Allah ki riga ta gaya wa Baba.

Ɗanki,
Lisiate