Zaren da Diktora Ta Bari a Waje

Gadarif, Talata

Zuwa ga ƙanwata Ruƙayya a Mafaza,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Husaini da yara. Ya aikin riɗi? Allah ya sa albarka.

Ruƙayya, an yi mini amaliyya, wato tiyata, kuma kaina ya ɗaure. Kin san tun haihuwar auta ba na riƙe fitsari. Tari, atishawa, dariya, sai in jiƙe. Alwalata ba ta kai ni raka'a huɗu. Mutane na ce mini Maiturare, suna zaton gayu ne. Wane gayu? Wari nake ɓoyewa.

Wata diktora ce ta zo daga Hartum. Ta sa mini wani ƙyalle kamar majanyi ya tallafe mafitsara, ta bar zare a waje, a marata. Na ɗauka mantuwa ta yi, har na fara yi mata Allah ya isa! Ashe da gangan ne. Wai sai na sha ruwa na miƙe na yi tari, tana jan zaren kamar zariyar wando har ɗigar ta tsaya, sannan ta yanke. To likita ce ko tela?

Ga inda na kwafsa. Mai jinyata yarinyar nan ce, 'yata ta fari, wadda saboda alkunya ko sunanta ban taɓa kama ba. Ni in tsaya in jiƙe a gabanta? Sai na yi ɗan gyaran murya kawai. Diktora ta duba, ta ce tamam. Suna fita na yi atishawa, tob ɗin da na yafa sharkaf.

Gobe za a yanke zaren, kuma an ce in an yanke gyara sai da wahala. In faɗa, kunya. In yi shiru, turare har kabari. Wallahi ban san abin yi ba.

Yayarki,
Halimatu Sadiya

Gadarif, Alhamis

Ƙanwata Ruƙayya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Direban Mafaza bai tashi ba, sai ki karanta biyun tare.

Jiya diktora ta shigo da almakashi, ta ce in ƙara tari sau ɗaya. Na buɗe baki, ya ƙi fita. Kawai sai yarinyar nan ta juya ta fuskanci bango, ta dinga zabga tari kamar tsohuwar akuya ta shaƙi dusa, wai don nawa ya ɓuya a cikin nata. Ruƙayya, dariya ta ƙwace mini! Abin da nake gudu ya zubo har ƙasa. Diktora ta ajiye almakashi, ta harare ni, ta ja zare. Na yi tari, ta ƙara ja. Na sake yi da ƙarfina, ƙasa a bushe.

Da muka kaɗaice da yarinyar na kasa kallonta. Tana goge ƙasa, kanta a sunkuye, ta ce tun tana budurwa ta sani. Wai ita ke tsame zannuwana daga ƙarƙashin gado ta wanke ta mayar. Ni kuwa ina ta mamakin ƙarfin turarena! To shekarun nan wa nake ɓoye wa?

Na yi magariba da isha'i da alwala ɗaya. Da na sallame na ga ta yi barci a zaune, na so in ce ta kwanta. Sai na ji bakina ya kira sunanta. Ta farka tana waige-waige, ba ta san muryata da sunan ba.

Zaituna. Kin ga, har na rubuta.

Taki har kullum,
Halimatu Sadiya